Aikin makarantar Ummi ya tona min asiri: shekara 6 a Kolorado ban san tsuntsun jihar ba

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare na sha kunya a cikin gidana. Ummi tana aji huɗu na firamare, kuma a nan Kolorado a wannan ajin ake koya wa yara tarihin jihar. Aka ba ta takarda ta cike: babban birni, shekarar zama jiha, tuta, take, tsuntsu, fure, dabba, dutse mafi tsawo. Ta kawo min wai Abba taya ni. Wallahi Denba kaɗai na iya rubutawa. Shekarata 6 a garin Aurora da ke kusa da Denba ina biyan haraji ina kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, amma yarinya ta dube ni ta ce "to Abba kai me ka sani?"

Muka zauna muka lalubo tare. Kolorado ta zama jihar Amurka ranar 1 ga Agusta 1876, ita ce ta 38, kuma da yake shekarar ta yi daidai da cikar Amurka shekara 100 da shelar 'yanci, sai ake mata laƙabi da jihar cika ɗari. Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne taken da ke jikin hatiminsu, da Latin: Nil sine numine. Wato ba abin da ke yiwuwa sai da ikon Ubangiji. Na ce wannan ai a bayan motar haya ta Kano zuwa Katsina ya kamata a rubuta shi.

Sarkin Gardama: Wa'alaikumus salam Yaya. Jihar da ta jefa ƙuri'ar halatta wiwi a 2012, ta buɗe shagunan sayar da ita a farkon 2014, ita ce mai wannan take? To madalla. Kuma na duba hatimin yanzu. Ido ne a cikin dala a can sama. Kowa ya san na su wane ne wannan idon, kada a mayar da mu yara.

Malamin Taswira: Ɗana Sarkin Gardama, sannu da saurin yanke hukunci. Shekara 31 na yi ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, kuma kowace shekara sai an samu ɗalibi irinka a layin baya. Wannan idon tsohon zane ne na cocin Turai, suna nufin Ubangiji yana ganin kome. Shi ne a bayan takardar dala ɗaya. Mu ba ma suranta Allah, wannan daban, amma abin da masu zanen suka nufa ke nan, shi ya sa ya zo tare da taken. Ka sauko da idonka ƙasa kaɗan za ka ga abin da ya fi ba da labarin jihar: ƙunshin sanduna da gatari a ɗaure, alamar Rumawa ce mai ma'anar tsintsiya maɗaurinki ɗaya, sai duwatsu uku masu farar ƙanƙara a ka, sai diga da guduma a gicciye. Diga da gudumar nan su ne asalin Kolorado. Zinariya aka gano kusa da inda Denba take a 1858, mutane suka yi ta tururuwa a 1859, aka yanka yankin a 1861.

Sarkin Gardama: Na ji na ido Malam, ban ce na yarda ba. Amma maganar da ake ta yi cewa ita ce jihar duwatsu fa? Wes Bajiniya ce ke da laƙabin jihar dutse a hukumance. Dutse mafi tsawo a Amurka kuma yana Alaska, mita 6,190. Kolorado ta tashi a tutar babu ke nan.

Malamin Taswira: Duka biyun gaskiya ka faɗa, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙololuwar dutsen da ya fi tsawo a Wes Bajiniya mita 1,482 ce daga gaɓar teku. Birnin Denba, inda ake tuƙa mota ana zuwa kasuwa, yana kan mita 1,609. Wato mutumin da ke kwance a ɗakinsa a Denba ya fi wanda ya hau kan dutsen can nisa da teku. Abin da Kolorado ta fi kowa da shi ba dutse guda ba ne, jihar ce gaba ɗaya aka ɗaga ta sama. Wurin da ya fi ko'ina gangare a cikinta, inda kogin Arikaree ke fita zuwa Kansas, mita 1,011 ne. Babu wata jiha a Amurka da gindinta ya kai haka. In aka baje ta aka daidaita, za ta tsaya a wajen mita 2,070.

Ka kwatanta da namu. Jos da muke kai amare shan iska tana wajen mita 1,200. Chappal Waddi a Taraba, wanda ya fi kowane dutse a Najeriya, mita 2,419. Garin Leadville a Kolorado, gari sosai mai makaranta da kotu, ya haura mita 3,000. Dutsen Elbert, wanda Ummi za ta rubuta, mita 4,401, ya ɗara Dutsen Kamaru, kuma shi ne mafi tsawo a duk jerin duwatsun Roki.

Ɗan Jos: Malam da girmanku ku bar Jos ta huta. Mu ba mu taɓa cewa muna gasa da kowa ba.

Baban Ummi: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Wannan mita 1,609 ɗin ita ce mil ɗaya cif, ƙafa 5,280, shi ya sa suke kiran Denba birnin mil ɗaya a sama. A matakalar ginin majalisar jiha an sassaƙa rubutu a mataki na 15 cewa nan ne daidai mil ɗaya. A 1969 ɗalibai suka sake awo suka ce a'a na 18 ne, aka kafa alama. A 2003 aka sake aunawa aka ce na 13 ne, aka kafa wata. Duka ukun suna nan ba a cire ko ɗaya ba. Na taɓa ɗaukar hoto a wurin ban ma san rigimar da nake tsaye a kai ba.

Direban Tirela: Ku kuna maganar tsawo a takarda, ni a ƙafar birki na san shi. Shekarata ta farko da tirela a ƙasar nan aka ba ni kaya daga Yuta zuwa Denba ta babbar hanyar I-70. Hanyar tana huda dutse ta ramin Eisenhower, a sama da mita 3,400. Tun kafin in kai, mota ta fara nishi kamar tsohon jaki, ledar soyayyen dankalin da ke gefena ta kumbura tam kamar za ta fashe, kunnena ya toshe. Na ce to hawa ne wahala, in na fita ramin na huta.

Ashe sauka ce mutuwar. Kana ɗauke da nauyin da ya doshi tan 36, hanya ta sunkuya, kuma ba minti biyu ba, tafiya ce mai nisa. Ni da ganganci irin na sabon shiga ban sauke giya tun daga sama ba, na dinga taka birki. Can sai na ji ƙauri irin na guga da aka manta a kan riga. Na duba madubi, hayaƙi ne fari yake tashi daga tayoyin baya. Duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har wadda ake yi in za a shiga kasuwa. A gefen hanya suna yin wani layi da ya haura tudu an zuba masa tsakuwa mai zurfi, domin motar da birkinta ya ƙone ta afka ciki ta nutse. Na wuce ɗaya ina kallonsa ina tunanin ko in shiga. Allah ya taimake ni na samu fili na tsaya, na fi awa ɗaya a zaune ƙafata tana rawa.

Abin da ya fi ba ni haushi, in ka doshi Denba ka hango gine-gine, ranka ya ce an iso, sai ka ga manyan allunan rawaya an rubuta wa direbobin tirela cewa kada ido ya yaudare ku, ba ku sauka ba tukuna, da sauran gangare. Wanda ya sa aka kafa allunan nan ya san halinmu. Daga Satumba zuwa ƙarshen Mayu kuma dole ka riƙe sarƙar taya a mota a wannan yankin, ko rana ake ƙwallawa. Tankar mai ma ba a cika barinta ta bi ramin ba, sai ta zagaya ta kan dutse ta mashigar Loveland.

Anti Nas: Sannu Direba, Allah ya tsare gaba. Ledar da ka ga ta kumbura ita ce duk bayanin. Iska a sama ba ta da nauyi kamar ta ƙasa, don haka kowane numfashi da ka ja a Denba oksijin ɗin da ke ciki ya gaza na bakin teku da kusan kashi 17 cikin 100. Baƙo yakan yi kwana biyu ko uku da ciwon kai, kasala, rashin barci, hawa bene ɗaya ya tsaya yana haki. Jiki yana sabawa.

Uwar Biyu: Anti don Allah tsaya nan. Ƙanena ya samu gurbin digiri na biyu a Fort Collins, watan Agusta zai tafi in sha Allah. AS ne. Tun da na fara karanta zancen nan gabana yake faɗuwa. Hajiyarmu in ta ji wannan cewa za ta yi a fasa.

Anti Nas: Kwantar da hankalinki ƙanwata, ba maganar fasawa ba ce. Fort Collins tana wajen mita 1,500, ƙasa da Denba kaɗan, kuma masu AS da yawa suna zaune a garuruwan nan lafiya lau. Amma gara da kika tambaya, don wannan ita ce gaɓar da labarin Kolorado ya shafe mu kai tsaye, mu da sikila ta yi wa yawa. Mun saba cewa AS ba ciwo ba ne, sai wajen aure ake duba shi. Haka ne a Kano. A kan dutse mai mita 3,000 ko 4,000, ga gudu ko hawa, ga ƙishirwa, ƙwayoyin jinin mai AS ma suna iya lanƙwashewa su toshe hanyar jini a saifa. Akwai ɗan wasan ƙwallon Amurka, Ryan Clark na ƙungiyar Pittsburgh, mai AS ne. A 2007 ya buga wasa a Denba, aka ƙare da cire masa saifa da maɗaciya, daga baya in ƙungiyarsa za ta buga a Denba ba a sa shi.

Abin da za ki faɗa masa: ya gaya wa likitan makaranta rukunin jininsa tun makon farko. Kada abokai su ja shi hawan dutse yana sauka daga jirgi, ya bari jiki ya saba. Ya riƙa shan ruwa ko ba ya jin ƙishi. In ya ji ciwo mai tsanani a hagu ƙarƙashin haƙarƙari, musamman yana kan tudu, ya sauko ya nufi asibiti, kada ya ce ulsa ce ya sha magani ya kwanta. Mai SS kuwa lissafinsa daban ne, wannan sai ya zauna da likitansa kafin ya sayi tikiti.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri Anti. Na tura masa yanzu.

Baban Ummi: Maman Ummi ta ƙwace wayar, ta ce ba za a yi zancen tsawo ba ita a ciki.

Salamu alaikum, ni ce. Ku bar su da duwatsu, ku tambayi mai girki. Watan farko da na zo na ɗora wake da shinkafa kamar yadda na saba tun ina budurwa. Ruwa yana ta tafasa, wake kamar tsakuwa. Na ce waken Amurka ne ba shi da kyau, aka aiko min da na gida, shi ma haka. Ashe a nan ruwa yana tafasa tun zafinsa yana digiri 95, bai kai 100 ba, ka ga yana ɓulɓula amma ba shi da ƙarfin dafuwa. Yanzu sai na jiƙa tun dare, in sa 'yar kanwa, ko in ɗora a tukunyar nan mai huci. Ƙullin fanke da na waina kuwa akasin haka, kafin ki juya ya tashi ya cika roba, in kika sa yis yadda kika saba zai yi tsami. Ga bushewa. Hunturu ne shekara guda cur: leɓe ya tsage, yara su yi haɓo, man kaɗanya ba ya kwana biyu. Amfaninsa ɗaya, in kika shanya kaya ko nama kafin la'asar ya bushe.

Uwar Biyu ki haɗa wa ƙanenki kanwa da man kaɗanya, sun fi masa yaji amfani.

Ɗan Damagaram: To ni nan ne kaina ya ɗaure. Hotunan da nake gani duk ƙanƙara ne da korayen itatuwa. Yaya kuma ake kukan bushewa?

Malamin Taswira: Domin mai hoto bayansa yake juya wa gabas. Jihar nan murabba'in kilomita kusan 270,000 ce, ta fi Ghana faɗi, ita ce ta 8 a Amurka, amma mutanenta miliyan 5 da dubu 773 ne a ƙidayar 2020. A taswira kamar bulo take, an ja layi huɗu: Wayomin da Nebraska a arewa, Nebraska da Kansas a gabas, Oklahoma da Niu Meziko a kudu, Yuta a yamma, sai Arizona da suka haɗu a tsini ɗaya, wurin da jihohi huɗu suka haɗa kusurwa. Kusan kashi biyu cikin biyar na bulon nan, ɓangaren gabas, fili ne fetal ba dutse ba bishiya, sai shanu da alkama da masara. Ruwan da Denba ke samu a shekara, har da narkakkiyar ƙanƙara, bai kai milimita 400 ba. Ya fi kusa da naku na Damagaram da Tawa fiye da na Kano.

Tsuntsun da Baban Ummi ya kasa ma ɗan fili ne ba ɗan dutse ba. Lark bunting, ɗan ƙarami, namijin baƙi da farin tabo a fiffike, a ƙasa cikin ciyawa yake sheƙa. An zaɓe shi a 1931.

Direban Tirela: Malam ya yi gaskiya. In ka shigo daga Kansas za ka yi awa biyu cikin Kolorado kana tambaya ina duwatsun. Har gero suke nomawa a can, su ne kan gaba a Amurka. Ba irin namu na fura ba ne, wani ƙanƙani ne, kuma yawancinsa tsuntsaye ake zuba wa.

Ɗan Damagaram: Gero ga tsuntsu da gangan? Mu da muke kwana a gona muna korar su. Duniya da faɗi take.

Baban Ummi: Bari in ƙara maka wanda ya fi wannan. Har zuwa 2016, a yawancin gidajen Kolorado laifi ne ka kafa duro a ƙarƙashin indararo ka tari ruwan sama. Dokar 2016 ce ta yarda, shi ma duro biyu kawai, jimla galan 110, wajen lita 416, kuma don ban ruwan shuka a gidan.

Sarkin Gardama: Yanzu kuma na ji wanda ya fi ido a dala. Ruwan Allah, a kan rufin gidana, gwamnati ta ce ba nawa ba ne? Su ne masu "sai da ikon Ubangiji"? Wannan zalunci ne tsagwaronsa, ko a mulkin soja ba a yi mana haka ba.

Bagashuwe: Ƙanena, da a Gashuwa aka haife ka da ba ka yi saurin cewa zalunci ba. Mu da muke ƙasan kogi mun san abin da ake nufi in na sama ya tare ruwa. Tun da aka gina Tiga da Challawa, fadamar Hadeja da Nguru ba ta koma yadda iyayenmu suka san ta ba. Kowa a sama yana cewa ɗan kaɗan na ɗiba. Na ƙasa shi ke ganin jimlar.

Malamin Taswira: Bagashuwe ya kama bakin zaren. Dokar ruwa a Kolorado tun zamanin masu haƙar zinariya take: wanda ya fara jan ruwa ya yi amfani da shi, shi ke da haƙƙi, ko da gonarsa tana nesa da kogin. Na gaba ya yi gaba. In an yi fari, mai takardar 1870 sai ya sha ya ƙoshi kafin mai ta 1950 ya samu ɗigo. A wannan lissafin, ruwan da ya sauka a rufinka yana kan hanyarsa ce ta zuwa wurin wani da ya riga ka.

Dalilin tsananin shi ne duwatsun nan su ne randar yankin gaba ɗaya. Ƙanƙarar da ta taru a kansu da sanyi ita ke narkewa ta zama kogin Kolorado, da Rio Grande, da Arkansas, da Platte. Akwai layin da ya bi ƙololuwar duwatsun ya raba nahiyar biyu: ɗigon da ya faɗi yamma da shi ya nufi Fasifik, na gabas ya nufi Atlantika. Matsalar ita ce yawancin ruwan yana yamma, yawancin mutanen suna gabas, a jerin garuruwan da ke gindin dutse daga Fort Collins zuwa Denba zuwa Pueblo. Sai suka huda duwatsun da ramuka suna jawo ruwan yamma zuwa gabas, ɗaya daga ciki, ramin Adams, kilomita 21 ne a ƙarƙashin dutse. Ruwan da Maman Ummi ke jiƙa wake da shi, wani ɓangarensa da Kalifoniya ya nufa.

Kogin Kolorado shi kaɗai mutum wajen miliyan 40 ke dogaro da shi. A 1922 jihohi bakwai suka raba shi a takarda, amma sun yi lissafin ne da shekarun da aka yi ruwa da yawa, suka raba abin da kogin ba shi da shi. Yau da ƙyar yake isa teku a Meziko. Kansas kuwa tun 1901 take kai Kolorado Kotun Ƙoli a kan kogin Arkansas.

Sarkin Gardama: Duk na ji. Amma duro biyu a bayan gida ba shi zai ƙafar da kogi ba, su ma sun gane shi ya sa suka sauya dokar. A nan dai ni ne da gaskiya.

Bagashuwe: A duro kana da gaskiya. A "ruwan Allah ne kowa ya ɗiba" ba ka da ita.

Ɗan Jos: Ku dakata da ruwa, yarinya tana jiran aikinta. Baban Ummi me kuka cike a sauran?

Baban Ummi: Tuta ta 1911 ce: shuɗi, fari, shuɗi a kwance, da jan harafin C da ƙwallon ruwan zinariya a cikinsa. Shuɗin sama, farin ƙanƙara, hasken rana, jar ƙasa. Sunan jihar ma daga Sifaniyanci ne, mai launin ja, saboda jan ruwan kogin. Fure columbine, fari da shuɗi-shuɗi, yaran makaranta ne suka zaɓe shi da ƙuri'a kafin majalisa ta amince a 1899, kuma tun 1925 doka ta hana tumɓuke shi a filin gwamnati, ko tsinka ma kada ya wuce 25 a rana. Dabba ragon dutse ne mai murɗaɗɗen ƙaho, 1961. Na taɓa ganinsu a gefen hanya kusa da Georgetown suna lasar gishirin da ake zuba wa titi, na ce wa Maman Ummi ga layya tana yawo ba mai ita.

Har ƙashin dabbar da ta ƙare suna da na jiha, Stegosaurus, mai faranti-faranti a gadon baya, wanda aka fara tonowa kusa da Morrison a 1877. Shi ma 'yan aji huɗu ne suka matsa aka amince da shi a 1982. Ummi ta ce ajinsu ma sai sun nemo abin da za su sa a zaɓa.

Ɗan Damagaram: Ragon dutse muna da irinsa a Ayar. Ƙashin dodo kuwa ku zo Gadufawa ku gani, har wanda aka sa wa sunan Nijar akwai. Na kuma ji suna alfahari da tudun rairayi mai mita 230 wai ya fi ko'ina a nahiyarsu. A turo su Tenere su yi mako ɗaya.

Direban Tirela: To shirya, akwai wanda za ka fi su. Suna da wasan gargajiya na jiha da majalisa ta amince da shi a 2012: tseren jaki. Ba hawa ake ba, haramun ne ka hau. Kai da jakin kuke gudu kana riƙe da igiya, shi yana ɗauke da diga da shebur da farantin wanke zinariya, don tunawa da masu haƙar da. A Fairplay ake babban, kilomita fiye da 45, a haura dutse a dawo. In jaki ya ƙi tafiya ka ja, ka tura, ka lallashe shi, har ɗaukarsa an yarda ka yi in za ka iya.

Ɗan Damagaram: Bature yana lallashin jaki a kan dutse. A ba ni biza kawai.

Malamin Taswira: Kafin a rufe da dariya, Baban Ummi, akwai abin da takardar ba ta tambaya ba, ya kamata yarinyar ta ji daga bakinka. Diga da gudumar da ke hatimin nan a ƙasar wasu aka kafa su. Duwatsun na ƙabilar Ute ne, filin gabas na Cheyenne da Arapaho. Ranar 29 ga Nuwamba 1864 sojoji ƙarƙashin Kanar John Chivington suka afka wa zangon Cheyenne da Arapaho a Sand Creek da asuba, alhali shugabansu Black Kettle ya ɗaga tutar Amurka da farar tuta. An kashe aƙalla mutum 150, wani lissafin ya kai 230, yawanci mata da yara da tsofaffi. Wani kyaftin, Silas Soule, ya hana mutanensa harbi, ya ba da shaida a kan abin da ya gani, bayan 'yan watanni aka harbe shi a titin Denba. Gwamnan yankin na lokacin, John Evans, ya rasa kujerarsa a kan wannan, amma sunansa ya zauna a kan babban dutsen da ake hangowa daga Denba har 2023, lokacin da aka sauya shi zuwa Blue Sky. Gwamnan jihar ya nemi afuwa a 2014, bayan shekara 150. Su kuwa Ute an kwashe yawancinsu zuwa Yuta a 1881.

Tun kafin su duka akwai waɗanda suka gina gidajen dutse da laka a cikin kogon tsauni a Mesa Verde, ɗaya yana da ɗaki wajen 150, suka bar wurin kafin shekarar 1300. Masana suna danganta tashinsu da dogon fari, tare da wasu dalilai.

Baban Ummi: Na gode Malam. Dutsen nan kullum ina ganinsa in na fito aiki da safe, har na kai baƙi kansa da mota don titin ya kai kusan ƙololuwa. Na ga an sauya alluna ban taɓa tambayar dalili ba. Zan zaunar da ita.

Saura tambaya ɗaya ta hana mu barci. Duwatsu nawa ne suka haura ƙafa 14,000 a jihar? Wani wuri 53, wani 54, wani 58.

Malamin Taswira: Duk daidai ne, ya danganta da abin da ka kira dutse. Masu 53 sun ce sai ƙololuwa ta ɗaga ƙafa 300 sama da wuyan da ya haɗa ta da maƙwabciyarta, in ba haka ba kafaɗar wani dutsen ce. Masu 58 suna ƙirga duk mai suna. Ta rubuta 58 ta sa bayani a gefe. Mutanen nan ba sa wasa da awo: Elbert ya fi Massive da ƙafa 12 kacal, har magoya bayan Massive suka taɓa tara duwatsu a kansa don ya wuce, na Elbert suna hawa suna rushewa.

Sarkin Gardama: Wato su ma suna da irina. Af, kuma ba wanda ya faɗi cewa a 2023 Colorado Springs, birni na biyu a jihar, ta zaɓi haifaffen Legas, Yemi Mobolade, a matsayin magajin gari. Ni da kuke ce wa mai gardama ni na kawo.

Uwar Biyu: Direba, ƙanena yana tambaya, tun da Agusta zai sauka, ya bari sai Disamba ya sayi rigar sanyi?

Direban Tirela: Kada ya soma. A Satumbar 2020 Denba ta yi zafin digiri 38, bayan kwana uku ƙanƙara ta zuba. Ya saya makon da ya sauka, a can ba a Kantin Kwari ba, ta gida ba za ta yi masa kome ba. Da takalmi mai tudun ƙasa, da tabarau, don ranar wurin tana ƙuna ko ana sanyi. In ya isa ya sa ki turo min saƙo, ina bi ta I-25 kusan duk wata, zan sauke masa garin tuwo.